Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Lokacin da Kawu Ya Koya Mini Ɗaura Kaya a Keke

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya na tsaya a inda jinyar Baba ta tsayar mini da karatu, Inna ta je ta roƙi ƙanenta ya riƙa tafiya da ni wurin sana'arsa ta dakon kaya da keke. Yau zan ba ku labarin farkon zamana a hannunsa, domin abin da na koya a watannin nan shi na ci abinci da shi shekaru masu yawa.

Keken Kawu, Allah ya jiƙansa, baƙin Raleigh ne ƙirar Nottingham ta Ingila, mai taya inci 28 da birkin ƙarfe. Ya girme ni. Fentinsa ya koɗe, amma ba za ka ji ko ƙis daga jikinsa ba idan yana tafiya. Tayar gaba wayoyi 32 gare ta, ta baya kuwa 40, kuma Kawu ya sa ni na ƙirga su da yatsana tun ranar farko, ya ce in gaya masa dalilin bambancin. Na yi shiru. Ya ce, "Ɗana, ko ba kaya, fiye da rabin nauyinka a tayar baya yake sauka. Waɗanda suka ƙera shi sun san da haka. Kai ma ka sani kafin ka ɗora mata wani abu a kai."

Na ɗauka washegari zan hau in fara kai kaya. Ina! Kawu bai bar ni na taka feda da kaya ba sai da aka daɗe. Aikina shi ne in ɗaura, shi kuma ya zo ya kama kan keken da hannu ɗaya ya girgiza. Idan kayan suka motsa daban, keken ya motsa daban, sai ya ce, "Kwance." Ba faɗa, ba tsawa. In sake ɗaurawa, ya sake girgizawa. Abin da yake nema shi ne kaya da keke su zama jiki ɗaya, ta yadda in ka karkata keken kayan za su bi shi nan take, ba sai sun yi jinkiri sannan su biyo baya da nasu ƙarfin ba. Wannan jinkirin, in ji shi, shi ke kayar da mutum a kwana.

Darasin da ya fi daɗewa a kai shi ne wurin da nauyi zai zauna a kan kariyar baya. Yawancin masu farawa suna tura kaya can ƙarshen kariya don su sami wurin zama sosai a sirdi. Kawu ya nuna mini illar haka ba tare da dogon bayani ba. Ya ɗora buhun siminti, kilo 50 ke nan, ya ja shi baya har ya wuce tsakiyar taya, ya ce in ɗaga tayar gaba da yatsa biyu. Ta taso kamar ba komai. Sannan ya matso da buhun har ya kusa taɓa ƙarƙashin sirdi, ya ce in sake gwadawa. Wannan karon sai da na sa hannu. Duk nauyin da ya wuce tsakiyar tayar baya yana ɗage ta gaba ne daga ƙasa, tayar da ba ta danne ƙasa ba kuwa ba ta jin umarnin hannu. A kan hawa za ka ji gaban keken yana neman tashi sama, a gangara kuma bayan ya riƙa kaɗawa hagu da dama har rawar ta iso hannunka.

Bayan matsowa gaba sai saukowa ƙasa. Kawu ba ya son tulin kaya mai tsawo a kan kariya in dai akwai yadda za a raba shi biyu a rataya gefe da gefe, kamar mangala a bayan jaki. Ya sa an yi masa ƙarafuna biyu da suka sauko ta kowane gefen tayar, su ne suke hana kaya shiga cikin wayoyi. Jarkoki biyu na ruwa ko na fenti a rataye ƙasa sun fi jarka ɗaya a sama sauƙin tuƙi, duk da nauyinsu ya ninka. Sharaɗin kawai su yi daidai da juna, kuma a ja su baya kaɗan yadda diddigenka ba zai riƙa bugunsu ba in feda ta zagayo. Game da ruwa akwai abin da ya ja mini kunne a kai: lita ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 25 ka san abin da ka ɗauka, amma jarkar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya haɗari. Ruwan yana gudu ciki, ka taka birki ya taho gaba, ka karya kwana ya tafi ɗaya gefen. Ko ka cika ta ko ka bar ta.

Ɗauri kuwa da robar tsohon tiyub muke yi, a yanka ta doguwa. Igiya tana saki idan kaya suka zauna bayan an ɗan yi tafiya a gargada, roba kuwa tana bin su tana ƙara matsewa. Kawu yana zagayawa ta tsawo, ya zagaya ta faɗi, ya soke bakin robar a inda idonsa zai gani, kuma ba ya barin ko ɗan guntu yana lilo kusa da taya. Irin robar nan ta zamani mai ƙugiyar ƙarfe a baki biyu ba ya ƙaunarta ko kaɗan, domin in ta kuɓuce tana a miƙe fuska take nufa, kuma ana rasa ido ta haka. Har yau ban yarda yarana su yi wasa da ita ba.

Sai maganar gaba, wadda a nan ne Kawu ya bambanta da sauran abokan sana'arsa. Kusan kowa yana da kwandon waya da aka rataya a kan keke. Kwandon nan yana da amfaninsa: takardar kaya, famfo, sifana, rigar ruwa, duk abin da kake son idonka ya kasance a kansa. Amma na ƙananan kaya ne, irin kilo biyar ko ƙasa da haka. Da ka zuba masa nauyi, duk juyin da za ka yi sai ka juya da nauyin, hannu ya gaji, in ka tsaya kuma kan keken ya faɗi gefe ɗaya ya ja keken ƙasa. Kawu sai ya sa aka ƙera masa kariyar gaba wadda ba ta taɓa kan keke ko fok ba sam, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba. A jikin firam ɗin aka kafa ta, da maɗauran ƙarfe da noti, domin bai yarda a kai wutar walda jikin bututun keken ba, ya ce zafi yana raunana shi. Idan ka juya kan keken, taya ta juya, kayan kuwa suna nan suna kallon gaba.

Ranar da na fara hawa da kaya a wannan kariyar sai da idona ya ruɗe, saboda na saba ganin kwando yana bin hannuna, ga shi wannan ya ƙi bi. Kawu yana gefe yana cewa, "Daina kallon kayan, kalli hanya." Da na ɗaga kai sai komai ya daidaita. Shekaru bayan haka, da na fara karance-karance a intanet, na tarar ashe dabarar tsohuwa ce a duniya. Kekunan masu raba wasiƙu da na 'yan aiken kantuna a Ingila haka ake yi musu, kuma kamfanin Schwinn na Amurka ya yi wani mai suna Cycle Truck daga 1939 zuwa 1967, da ƙaramar tayar gaba don kwandon ya sauko ƙasa, shi ma a jikin firam aka kafa shi. Kawu bai taɓa ganin ko hotonsu ba. Hannunsa ne ya gaya masa.

Aikin da ba zan manta ba a wancan lokaci shi ne na takardu. Wani mutum ya ba mu kwalayen farar takarda mu kai wata makaranta da ke bayan wani dogon hawa. Takarda tana yaudarar ido: kwalin ƙarami ne, amma kowane ƙunshi mai warƙa 500 ya kai kilo biyu da rabi, biyar ne a kwali, ka ga kwali ɗaya ya haura kilo 12. Ga hadari ya haɗo, takarda kuwa ba ta shiri da ruwa. Kawu ya shimfiɗa leda, ya raba kwalayen: mafi yawa a gefe biyu na baya, biyu a kan kariya dab da sirdi, biyu a gaba. Na ce, "Kawu, ai bayan zai ɗauke duka, me ya sa za mu wahalar da gaba?" Ya ce, "Ba wahalar da ita za mu yi ba, aiki za mu ba ta. In mun fara hawan can za ka gode wa kwalayen gaban nan."

Haka kuwa aka yi. A tsakiyar hawan gaban keken bai ko motsa ba. Da ƙarfina ya ƙare na sauka na tura, Kawu na biye da ni a kan aron keke, bai ce mini komai ba, domin a wurinsa turawa ba abin kunya ba ce, wani ɓangare ne na aikin. Na tuna da wannan ranar lokacin da na karanta labarin yaƙin Dien Bien Phu na 1954, inda mutanen Vietnam suka yi ta kai wa mayaƙansu kaya ta cikin duwatsu a kan kekuna, keke ɗaya na ɗaukar abin da ya haura kilo 200. Ba hawa suke yi ba. Sanda suke ɗaurawa a kan keken su riƙe, wata kuma a wurin sirdi, su tura da ƙafa.

Ruwan ya same mu a gangaren da ke bayan hawan, kuma a nan na ga dalilin da ya sa Kawu ke tsoron gangara fiye da hawa. Robar birki a kan jiƙaƙƙen rim na ƙarfe kusan ba ta kamawa sai taya ta zagaya ta share ruwan, ga nauyi yana tura ka. Tun daga sama ya ɗaga murya, "Kama birki tun yanzu, duka biyun, a hankali! Kada ka bari ya fara gudu sannan ka nemi tsayar da shi!" Na sauko ina matsawa ina saki kaɗan-kaɗan, ƙirjina na bugawa. Muka isa, aka buɗe leda, ko kwali ɗaya bai jiƙe ba. Mai karɓar kayan ya yi ta sa mana albarka. A hanyar dawowa ne Kawu ya fara kirana "abokin aiki", kuma na ji daɗin wannan kalma fiye da ladan da aka ba ni.

Kowace safiya kafin a ɗora komai akwai abin da ba ya tsallakewa. Ya matsa tayoyi da babban yatsa, domin taya mai ƙarancin iska in ta faɗa rami da kaya, rim yana tsinke tiyub ya bar huji biyu gefe da gefe. Ya bi wayoyin baya bibbiyu yana matsawa, in ya ji wadda ta saki ya ɗaure ta nan take, saboda sakakkiyar waya ita ke lanƙwasa tana miƙewa har ta karye a wuyanta, in ɗaya ta tafi kuma maƙwabtanta ne za su ɗauki nauyinta su bi ta. Sannan ya bi notunan kariya da sifana. Wani abokin sana'armu ya taɓa rasa noti ɗaya a ƙafar kariyarsa yana tafe da kaya, ƙafar ta shige cikin wayoyi, tayar ta tsaya cak, ya daɗe yana jinyar kafaɗa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A nan zan ɗan tsaya in yi magana da matasan da ke shiga sana'ar yanzu, don ina ganin abin da ke damuna. Yawancin kariyoyin da ake sayarwa na kekunan zamani, musamman na alminiyam, an buga musu iyakar nauyi a jiki, galibi kilo 25, bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 11243. Ku duba, rubutun yana nan. Ba daidai suke da kariyar ƙarfe ta keken dako ba, irin ta keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief ke yi, wadda aka ƙera don kilo 100. Alminiyam ba ya yi maka gargaɗi sosai kafin ya tsage, kuma ƙananan notunan da ke riƙe da shi ba a yi su don buhun siminti ba. In kayanka sun fi ƙarfin kariyarka, ka yi sawu biyu, ko ka nemi keken da aka yi don aikin. Kuma kada ka ɗora yaro a kariyar da ba ta da abin da zai kare ƙafarsa daga wayoyi.

Da damina ta wuce, gwiwar Kawu ta fara matsa masa, har ya zamana ni ke fita shi yana zaune yana karɓar aiki. Wata safiya na gama ɗauri na tsaya ina jira ya zo ya girgiza kamar kullum. Bai tashi ba. Daga inda yake ya dubi kayan, ya dube ni, ya ce, "Me kake jira? Mai kaya na jiranka. Allah ya tsare."

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda na fara tara kuɗin sayen keken kaina, da saɓanin da ya shiga tsakanina da Inna a kan komawa makaranta.