Asusu Uku da Albashin Wata na Sha Uku: Yadda Muke Biya a Ƙaramin Kamfaninmu na Sebu

Ranar 15 da ƙarshen kowane wata muke biyan albashi a ƙaramin kamfaninmu da ke birnin Sebu a ƙasar Filifin, domin dokar ƙwadago ta ƙasar ba ta yarda a bar ma'aikaci ya jira wata guda cur kafin ya ga kuɗinsa ba. Sana'armu ita ce amsa saƙonnin masu saye da kuma rubuta shige da ficen kuɗi ga 'yan kasuwar da ke sayar da kaya ta intanet. Karatu ne ya kai ni ƙasar, daga baya ni da wani abokina ɗan garin muka haɗa jari muka yi rajista. A yau muna da ma'aikata biyar na dindindin, da kuma mutum biyu masu zaman kansu waɗanda muke bai wa aiki idan buƙata ta taso.

Duk wanda ya ɗauki ma'aikaci a Filifin yana da asusun gwamnati uku da dole ya riƙa zuba masa kuɗi a ciki. Babba daga cikinsu shi ne SSS, hukumar da ta fara aiki a 1957, wadda ke biyan fansho da kuɗin jinya da na haihuwa da na naƙasa, har da tallafin jana'iza. Dokar da aka sa wa hannu a farkon 2019 ta tsara ƙarin gudummawa mataki-mataki, daga kashi 12 cikin ɗari a wannan shekarar zuwa 13 a 2021, 14 a 2023, sannan 15 daga Janairun 2025, inda mai kamfani ke ɗaukar kashi 10, ma'aikaci kuma 5. Wanda ya san tsarin fanshon Najeriya na kashi 10 da kashi 8 ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sai PhilHealth, wato inshorar lafiya, wadda ke karɓar kashi 5 na albashi, a raba biyu daidai tsakanin kamfani da ma'aikaci. Na uku shi ne Pag-IBIG, asusun ajiya da rancen gina gida, wanda sunansa ya yi daidai da kalmar soyayya a harshen Tagalog, kuma tun Fabrairun 2024 kowane ɓangare na zuba feso 200 a wata ga mai albashin da ya kai feso 10,000.

Ga yadda abin yake a kan takarda, ga ma'aikaciya mai albashin feso 25,000. Daga cikin albashinta ina cire 1,250 na SSS da 625 na PhilHealth da 200 na Pag-IBIG, jimilla 2,075. Daga aljihun kamfani kuwa ina ƙara 2,500 na SSS, da feso 30 na diyyar haɗari a wurin aiki wanda kamfani ne kaɗai ke biya, da 625 da kuma 200, wato 3,355. Bayan haka akwai albashin wata na sha uku, wanda wata dokar shugaban ƙasa ta 1975, zamanin Ferdinand Marcos na farko, ta wajabta a biya kafin 24 ga Disamba ta wuce, kuma idan aka raba shi a kan watanni goma sha biyu zai kama kusan 2,083 a wata. Ke nan ma'aikaciyar da takarda ta ce tana karɓar 25,000, abin da kamfani ke kashewa a kanta ya haura 30,400. A shekararmu ta farko da albashin kawai na yi lissafin farashin da muke bai wa abokan ciniki, kuma Disamba ce ta tona mini asiri.

Kuɗin da aka cire daga albashin mutum amana ce, kuma dokar SSS ba ta wasa da ita. Wanda ya makara za a ɗora masa tarar kashi 2 cikin ɗari a kowane wata, wanda kuma ya cire kuɗin ya riƙe har kwana talatin bayan wa'adi, doka na ɗaukarsa a matsayin wanda ya ci kuɗin. Shi ya sa ko a watan da ciniki ya yi ƙasa, da zarar akantarmu ta fitar da lambar biya daga shafin hukumar, ba na bari a kwana ba a tura ba. Ma'aikatan ma suna duba asusunsu a waya, kuma idan wata ya wuce ba su ga an shigar ba, za su zo su tambaya cikin ladabi, amma ba za su bar maganar ba.

Inda na yi tuntuɓe shi ne wajen masu zaman kansu. A doka ba ni da wajibcin biya musu komai daga cikin waɗannan asusu, su ne ya kamata su yi rajista da kansu su biya kason ɓangarorin biyu gaba ɗaya. Mai samun 25,000 zai zuba 3,750 a SSS da 1,250 a PhilHealth, ɗaya bisa biyar na abin da ya samu ke nan, tun bai taɓa haraji da kuɗin haya ba. Ba abin mamaki ba ne da yawansu su riƙa cewa sai wata mai zuwa.

Akwai wata mai zana mana hotunan talla wadda ta yi kusan shekara biyu tana karɓar aiki a wurinmu. Wata rana da yamma ta shigo ofis da cikinta wata bakwai, ta zauna kusa da akantarmu, suka buɗe asusunta na SSS a kwamfuta, ni kuma ina tsaye a bayansu. Layin watanni ne jere, babu komai a gabansu tun daga lokacin da ta bar wani tsohon wurin aiki. Domin mace ta samu kuɗin haihuwa, dole ta kasance ta biya aƙalla wata uku a cikin watanni goma sha biyun da suka gabaci zangon rabin shekarar da haihuwar ta faɗa ciki, kuma mai zaman kansa ba ya iya komawa baya ya cike watannin da wa'adinsu ya riga ya wuce. Ta tambaya sau biyu ko akwai wata dabara, akantar ta girgiza kai. Da ma'aikaciyarmu ce, da ta samu hutun kwana 105 da biya, da mu ne za mu fara ba ta kuɗin daga baya hukumar ta mayar mana. Mun haɗa mata ɗan abin da ya sawwaƙa, amma bai kama ƙafar abin da ta rasa ba.

Wannan ne ya sa na zauna na sake duba waɗanda nake kira masu zaman kansu, a lokacin su uku ne. Kotunan Filifin ba sunan da aka rubuta a saman yarjejeniya suke dubawa ba. Suna tambayar wa ya ɗauki mutum, wa ke biyansa, wa ke da ikon sallamarsa, sannan, wanda ya fi nauyi, wa ke juya yadda yake yin aikin. Ɗaya daga cikin ukun, wani matashi mai amsa saƙonni da dare, ni nake sa masa lokacin farawa da na tashi, da kwamfutarmu yake aiki, kuma ba shi da wani abokin ciniki sai mu. Kowace irin takarda muka sa wa hannu, ma'aikaci ne, kuma da ya kai ƙara da sai mun biya bashin gudummawa da tara a kai. Muka mayar da shi cikin jerin masu albashi, muka je hukumar muka daidaita abin da ya gabata, wanda ya cinye ribar kusan wata biyu.

Sauran biyun masu zaman kansu ne na gaskiya, suna da wasu abokan ciniki, kuma su ke zaɓar lokacin aikinsu. Ba na tura musu gudummawa da sunan kamfani, domin akantarmu ta nuna mini cewa yin haka tamkar shaida ce a rubuce cewa ma'aikatanmu ne. Abin da nake yi shi ne in ƙara a kan ladan aikinsu daidai kason da kamfani zai biya da a ce suna cikin masu albashi, su kuma su biya da hannunsu, su nuna mini rasit duk bayan wata uku. Ɗayansu ya ɗan ji haushi da farko, yana ganin na shiga abin da ba ruwana, sai na ce masa ba tilas ba ne, amma ƙarin yana tafiya ne da rasit. Wannan hanyar ce nake nuna wa 'yan uwa da ke wasu ƙasashe masu ɗaukar 'yan Filifin aiki daga nesa, tunda kamfanin da ba shi da rajista a ƙasar ba shi da lambar da zai biya da ita, sai dai ya ƙara a kan lada, ko ya bi ta wani kamfani na cikin gida da zai ɗauki mutumin a madadinsa a biya shi ladan hidima.

Mai zanen nan ta dawo aiki bayan ɗanta ya yi wata huɗu. Rasit ɗinta ne ke fara shigowa wayata duk bayan wata uku, kuma a bara ta nemi akantarmu ta taya ta farfaɗo da tsohon asusunta na Pag-IBIG, domin sai mutum ya cika gudummawar wata 24 kafin ya nemi rancen gida, ita kuma akwai wani fili da take hari a wajen gari.