Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a zaman koyon haɗa makullin mota mai naɗewa

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an kammala zaman kwana biyu da aka yi kan yadda ake mayar da makullin mota na kamfani ya koma mai naɗewa, irin wanda ake danna madanni harshensa ya fito, in an gama a lanƙwashe shi ya koma cikin kwanso. An tashi lafiya, kuma duk motar da aka kawo ta koma da ƙafarta. Yaba kyauta tukwici. Mu da muka shirya zaman ba mu da tukwicin da ya kai abin da aka yi mana, shi ya sa muka fito fili mu yi godiya, mu kuma ajiye abin da aka koyar a rubuce saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Godiyar farko ta iyayenmu ce a wannan sana'a, dattawan da suka ajiye ayyukansu suka zo suka zauna da yara. Ranku ya daɗe, Allah ya ƙara girma. Babban malaminmu bai fara da dogon bayani ba. Tsohon makulli ya tsaga, ya baje kayan cikinsa a kan farin ƙyalle: harshen ƙarfe, fanel ɗin rimot (ɗan allon lantarkin da madannai ke kai), batir, sai wani ɗan baƙin abu da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ya ɗaga shi da hantsaki don kowa ya gani, ya ce wannan shi ne makullin, sauran duk riga ce. A kan wannan ɗan abu, wato cif, aka gina duk karatun kwana biyun.

Cif ba ya amfani da batir. Akwai koyil, wato naɗin siririyar waya, da ya zagaye bakin ramin da ake zura makulli a tayar da mota. Da an murɗa, koyil ɗin zai saki ƙarfin maganaɗisu a kan kilohaz 125, ko 134.2 a wasu nau'o'in, cif ya samu wuta daga nan ya amsa da lambarsa. Idan imobilaiza, wato na'urar tsaron da ke hana tayar da mota da baƙon makulli, ta gane lambar sai ta bar inji ya tashi. Idan ba ta gane ba, ko dai mota ta yi ta kik ba ta kama ba, ko ta kama ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu kamar yadda Volkswagen da yawa ke yi, fitilar tsaro tana ƙyaftawa a dashbod. Nisan da wannan magana ke kaiwa 'yan santimita ne kawai. Saboda haka wanda ya kwashe harshe da fanel da batir zuwa sabon kwanso ya manta cif a tsohon, zai ga rimot yana buɗe ƙofa, makulli yana juyawa, mota kuwa ta ƙi tashi. Mafi yawan kukan da ake yi bayan wannan aiki daga nan yake fitowa.

An nuna mana siffofinsa uku. Akwai na gilashi, siriri kamar guntun tsinke, irin ID48 da ke cikin makullan Volkswagen da Audi. Akwai baƙi mai ɗan faɗi da aka shafe kusurwarsa ɗaya, irin ID46 da 4D. Na ukun ba a ciro shi, domin a jikin fanel ɗin rimot yake tare da ɗan koyil ɗinsa, kamar yadda ake samu a yawancin makullan Peugeot da Renault; ɗauke fanel shi ne ɗauke cif, amma in ɗan koyil ɗin nan ya ɓalle wajen ɓanɓara, an kashe makulli. Masu Toyota su duba gindin harshe kafin komai: ɗigo, ko harafin G, ko H, kowanne yana nuna irin cif ɗin da ke ciki. Sabon harshe ba lalle ya zo da alamar ba, don haka a ɗauki hotonta a ajiye, wata rana za a neme ta. Akwai kuma tsofaffin motocin General Motors masu tsarin VATS, wanda ya fara da Corvette a 1986, tsarin hana sata ne inda ɗan resista, wato abin da ke rage gudun wuta, yake a jikin harshen kansa, iri 15 ne. Irin wannan ba ya shiga wannan aiki da harshe na gama-gari.

Muna godiya ta musamman ga 'yan'uwan da suka ɗauko injinan yanka makulli da na'urorin karanta cif suka ba da aro, alhali da su suke neman na kansu. Ba ƙaramin yarda ba ce mutum ya bar ɗan koyo ya taɓa injinsa. Da waɗannan injina aka nuna cewa tun wajen sayen kwanso ake faɗuwa ko a ci. Kwanso biyu za su yi kama a ido amma cikinsu ya bambanta. Abin dubawa shi ne samfurin harshe: TOY43 na Toyota, HON66 na Honda, HU66 na Volkswagen da Audi, NSN14 na Nissan, HU101 na Ford. Peugeot da Citroën sun fi rikita mutane, domin akwai HU83 mai kwari a gefe da VA2 marar kwari, sannan kwanson kansa akwai CE0523 da CE0536, bambancinsu wurin zaman batir, ɗaya a jikin fanel, ɗaya a jikin kwanso. Bayan harshe sai yawan madannai da wurin da kowanne ya faɗo, da ramin cif, da girman batir. Lambar batir tana faɗin girmansa: CR2032 faɗinsa milimita 20 kaurinsa 3.2, CR2016 kaurinsa 1.6 ne, CR1620 kuwa faɗinsa 16. Kwanson da aka yi wa siririn batir ba zai rufu da mai kauri ba, in aka tilasta shi fanel ne zai lanƙwasa.

Abin da dattawa suka fi nanatawa shi ne jerin aikin, kuma a ganinmu ko shi kaɗai mutum ya ɗauka bai yi zuwan banza ba. Harshe ake fara yankawa, tsohon makulli yana nan yadda yake ba a taɓa shi ba. A gwada sabon harshen a ƙofar direba, a but, sannan a wurin tayarwa, ya shiga ya juya ba tare da an matsa masa ba. In ana son tabbatarwa, a kara kan tsohon makullin a jikin koyil a murɗa da sabon harshe, mota za ta tashi. Sai an ga haka za a tsaga tsohon kwanso. Cif shi ne na ƙarshen tashi daga gidansa. Wanda kuma makullinsa ɗaya tak ne, ya fara yin na biyu a saita masa a mota kafin a taɓa na farkon, domin in cif ɗin ya fashe babu wani, aiki ya tashi daga sauya kwanso ya koma na wanda ya ɓatar da duk makullansa, wani lokaci sai an ciro kwamfutar motar. Garin neman gira kada a rasa ido.

Wajen yanka ma akwai abin lura. Injin kwafi duk abin da ya gani yake kwafowa, har da cinyewar haƙoran makullin da ya shekara goma yana aiki. Yanka da lambar haƙora da kamfani ya ba makullin ya fi, don yana dawo da haƙora yadda kamfani ya fitar da su. Makullai masu yanka a tsakiyar fuska ko a gefenta, irin su HU66 da HON66, injinsu daban ne da na masu haƙora a baki. Bayan yanka a goge kaifin da burushin waya, in ba haka ba ɓurɓushin ƙarfe zai zauna cikin kwaɗon. Harshen da maganaɗisu ke kamawa da ƙarfi baƙin ƙarfe ne, ya fi ƙananan faranta na cikin kwaɗo tauri, a hankali zai cinye su. Na tagulla ko na farin gami ya fi lafiya.

An yi muhawara mai daɗi kan amfani da tsohon harshen maimakon yanka sabo. Ana yi: a fasa robar kansa, a yanke gindin, a goge da magagari har ya shiga tsagar abin juyawa, wato ƙarfen da ke riƙe gindin harshe yana juyawa da shi cikin kwanso, a yi masa ɗan gurbin da fil mai riƙe shi zai bi. Amma mu ba mu ba ɗan koyo shawarar haka. In an rage tsawo ko da milimita ɗaya ne fiye da kima, harshe ba zai kai ƙarshen kwaɗo ba, kuma abin da magagari ya ci ba ya dawowa.

Fil ɗin da ke riƙe harshe ɗan bututu ne mai tsaga, kaurinsa yawanci tsakanin milimita 1.5 da 2. Da tsinken ƙarfe daidai kaurinsa ake fitar da shi, a ɗora abin juyawar a kan katako mai ɗan rami, a buga a hankali da ƙaramar guduma. Ƙusa mai tsini buɗa bakinsa take yi ya ƙara kamewa. Wajen mayarwa, gurbin harshe ya daidaita da ramin tukuna, kuma fil ya nutse daidai da fuskar ƙarfe ta ɓangarorin biyu. In ya ɗan leƙo, zai riƙa gogar kwanso, harshe ya maƙale a rabin hanya.

Sifirin kuwa, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke tura harshe waje, shi ya fi ba yara wahala, kuma muna yaba haƙurin malamin da ya maimaita shi ya fi a ƙirga. Yana da ƙafa biyu: ɗaya tana shiga tsagar da ke cikin madannin fitar da harshe, ɗaya tana kama gurbi a jikin kwanso. A saka madanni cikin abin juyawa, kunnuwansa su faɗa ramukansu, sannan a murɗa harshen zagaye ɗaya zuwa biyu kafin a rufe, ta yadda sifirin zai riƙa tura harshe waje. In aka murɗa ta baya, dannawa za ta ja harshe ciki maimakon ta fitar da shi. In murɗin ya yi kaɗan zai fito a sanyaye ya tsaya bai kulle ba, in ya yi yawa ƙafar sifirin ta karye ko ta ci robar. A riƙe da babban yatsa har a ɗaura sukuru, domin da an saki zai yi tsalle, neman sa a ƙasa kuma aiki ne.

Sai masu motoci da suka miƙa makullansu aka koya a kansu. Allah ya saka da alheri, ya kiyaye hanya. Muna ƙara ba da haƙuri da godiya ga yayarmu wadda cif ɗin makullinta na gilashi ya tsage a rana ta biyu. Kamfani ya manne shi da gam mai tauri, aka sa bakin sukundireba aka ɗaga shi ta gefe ɗaya, sai aka ji ƙas. Tsagar ko gashi ba ta kai ba, amma na'ura ta daina ganinsa. Hajiya, kin zauna awa uku ana saita sabon cif ba ki ɗaga murya ba, har kika hana a yi wa yaron da ya tsaga shi faɗa. Allah ya ba ki ladan haƙuri. Abin da ya sa lamarin ya zo da sauƙi shi ne kin zo da makulli na biyu. Daga nan malamai suka nuna yadda ya kamata a yi: ba a ɗaga cif daga gam, robar da ke kewaye da shi ake yankewa kaɗan-kaɗan da reza ko ƙaramar filaya mai yanka har ya fito da kansa, ko da da ɗan guntun roba a jikinsa. Tsohon kwanso ne ake sadaukarwa.

A sabon kwanso, cif ya zauna a ramin da ya fi kusa da harshe, ya kwanta yadda yake kwance a tsohon, kada a juya shi. Ɗigon silikon ko ɗan soso mai gam ya isa ya hana shi motsi. Sufa gulu ba ta dace ba, tana ƙanƙamewa ta hana ciro shi gobe, tururinta kuma yana bin madannai ya bar farin dattin da ke hana su aiki. Kwanso mai ado da ƙarfe da yawa ta wajen wuya yana rage ƙarfin sigina, sai mota ta riƙa tashi yau gobe ta ƙi. Haka kuma in an rataya wani makulli mai cif a zobe ɗaya, su biyun suna iya amsawa tare imobilaiza ta rikice.

Fanel a riƙe shi ta gefe, a goge wurin zaman batir da auduga da sifirit, a duba alamar tarawa kafin a saka. In madanni ya yi tauri ko yana danne kansa, ƙafar robar ce ta yi tsawo, a rage ta kaɗan. Cire batir na ɗan lokaci ba ya goge saitin yawancin rimot. Wanda makullinsa daban rimot ɗinsa daban, kuma fanel ɗin bai shiga kwanson ba, sai ya koma ga rimot na gama-gari irin na KEYDIY ko Xhorse, a zuba masa tsarin motar a kan megahaz 315 ko 433 gwargwadon na asali, a saita shi. Makullin BMW mai siffar lu'ulu'u kuwa a manne yake, batirinsa VL2020 mai caji ne da aka like da dalma, a jikin koyil yake samun caji. Wannan a bar wa wanda hannunsa ya faɗa.

Wani dattijo ya tuna mana abin da ba a cika dubawa ba: kwanson naɗewa ya fi na kamfani kauri, kuma a wasu motoci ramin makulli a lotse yake cikin robar sitiyari. Kwanso zai daki robar kafin harshe ya gama shiga. A gwada wannan tun kwanso yana fanko. Ya kuma ja kunnen kowa kada a yanka ko a saita makulli sai an ga shaidar cewa mai kawowa shi ne mai motar, kuma duk mun amince da haka.

Ga ƙannenmu 'yan koyo da suka share wuri, suka jera kayan aiki, suka yi ta tambaya ba kunya, mun gode, Allah ya sa albarka a hannuwanku.

Waɗanda aka sauya wa makulli, ku riƙe na biyun a kusa cikin makon farko, kada kuma ku zubar da tsohon kwanso tukuna. In kun ji harshe yana girgiza, fil ne ya saki, a dawo da shi a sauya kafin harshen ya zare a cikin kwaɗo. Akwai kuma makullai biyu na Peugeot da ba a ƙarasa ba saboda harshen VA2 aka kawo alhali HU83 suke so. Ba a tsaga su ba, cif ɗinsu yana inda yake, masu su na iya ci gaba da amfani da su har harshen da ya dace ya iso.