Makarantun Tauhidi Su Fara Haɗa Kai Daga Kalanda da Laburare

Makarantar tauhidi da ke son ba da digiri mai nauyi tana buƙatar ƙwararren malami a fannoni shida aƙalla: Tsohon Alkawari, Sabon Alkawari, koyarwar bangaskiya, tarihin ikkilisiya, aikin kiwon garke (wato kula da ikkilisiya) da kuma mishan. Idan ɗalibanta arba'in ne, kuɗin makarantarsu ba zai biya albashin mutum shida ba, balle a sayi littattafai. Sai a wayi gari malami ɗaya yana koyar da Ibrananci da safe, wa'azi da rana, tarihin ikkilisiya da yamma. Makarantar wata ɗarika da ke kusa tana fama da wannan ciwon, tana da gwanin Helenanci amma ba ta da mai tarihi. Ikkilisiyoyin da za su karɓi fastocin da makarantun ke yayewa su ne ke ɗaukar asarar.

Maganin ba sabo ba ne: makarantu su haɗa kai. A Indiya, dokar 1918 ta ba majalisar Kwalejin Serampore damar haɗa makarantun ɗariku dabam-dabam ƙarƙashin manhaja ɗaya da digiri ɗaya, kowace tana zaune a harabarta. A Limuru ta Kenya, Anglikan da Firesbiteriyan da Metodis sun haɗu a makaranta guda a 1955. Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya (TCNN) ta Bukuru ta buɗe a 1959 a matsayin ta ikkilisiyoyi da yawa. A Berkeley ta Amurka kuwa, tun 1962 makarantu suka riƙe 'yancinsu, suka haɗa karatun manyan digiri, daga baya suka haɗa laburare. Hanya uku ke nan: haɗa jarrabawa, haɗa gida, ko haɗa kayan aiki. A ganina ta ukun ce ta fi dacewa da masu farawa, domin ba ta neman kowa ya sauke allon sunansa.

Abu na farko da za a daidaita shi ne kalanda, kuma a nan yawancin yarjejeniyoyi ke mutuwa tun ba su yi rarrafe ba. Idan wannan makaranta tana buɗewa a Agusta waccan kuma a Oktoba, ba ɗalibin da zai iya ɗaukar kwas a maƙwabciya. A tsayar da ranar buɗewa da makon jarrabawa tare, sannan a ware rana guda a mako, ko mako biyu a kowane zango, don darussan haɗin gwiwa.

Sai ma'auni. Abin da aka saba shi ne kiredit ɗaya ya zama awa 15 a aji cikin zango, da kamar awa 30 na karatun ɗalibi shi kaɗai. Kwas mai kiredit 3 ke nan awa 45 a gaban malami. A rubuta wannan, a rubuta makin ci, a rubuta yawan shafukan da ɗalibi zai karanta. In ba haka ba, magatakarda zai ƙi karɓar sakamakon da aka kawo daga waje, kuma da gaskiyarsa. A kuma sa iyaka: kada abin da ɗalibi ya ɗauko daga waje ya wuce kashi ɗaya cikin uku na karatunsa, domin makarantar da za ta sa hannu a takardarsa ta san halinsa.

Musayar malamai tana da daɗi a baki, amma ba kowane darasi ke jure ta ba. Awa 45 za ta shiga kwana 10 idan ana yin awa huɗu da rabi kullum, kuma tarihin ikkilisiya ko shugabanci suna tafiya lafiya a haka, muddin an ba da littattafan karantawa wata guda kafin malamin ya iso. Helenanci da Ibrananci ba sa yarda. Harshe yana son kaɗan-kaɗan kowace rana. Wanda aka ɗura wa shi cikin mako biyu, kafin wata ya zagayo ya manta har baƙaƙen. Ga waɗannan, gara malami ɗaya ya koyar ta intanet sau uku a mako, kowace makaranta ta ajiye mataimaki da zai zauna da ɗalibai yana duba aikinsu.

Laburare ne wurin da riba ta fi saurin bayyana. A zuba jerin littattafan kowa a rumbu ɗaya; manhajar kwamfuta mai suna Koha kyauta ce, tana kuma iya wannan aiki. Sannan a raba fannonin saye: wannan ta ɗauki sharhin Tsohon Alkawari, waccan ta ɗauki tarihi da mishan. Littattafan da ake buƙata kullum dole kowa ya mallaki nasa, masu tsada da ba a cika taɓawa ba su ne ake rabawa. A rubuta kwanakin aro da wanda zai biya idan littafi ya ɓace, don littafi ɗaya da bai dawo ba ya isa ya sa mai laburare ya rufe ƙofa.

Maganar kuɗi a yi ta tun farko, a fili. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗalibi ya biya makarantarsa kawai, a riƙa ƙirga kujerun da kowace ta ba ɗaliban waje, a ƙarshen shekara wadda ta fi aikawa ta cika bambancin. Tallafin waje yana da kyau wajen sayen kayan farawa, amma kada albashin mai kula da haɗin ya rataya a kansa. Ranar da tallafin ya tsaya, aikin ya tsaya.

Koyarwar ɗarika fa? Baftisma, Jibin Ubangiji, tsarin mulkin ikkilisiya da wanda ya cancanci naɗi, waɗannan kowa ya koyar a gidansa. Haka ma sujada da gwajin aiki a ikkilisiya. Ba tsoro ne ya kawo wannan shawara ba. Majalisar da ke aiko da ɗalibi tana da haƙƙin sanin cewa zai dawo ya iya hidima a cikinta, kuma da zarar ta fara shakka za ta janye 'ya'yanta. Makarantar haɗaka ta Fedsem a Afirka ta Kudu, wadda aka buɗe a Alice a 1963, ta tsira bayan gwamnatin wariyar launin fata ta ƙwace harabarta, amma ta rufe a 1993, kuma saɓani tsakanin ikkilisiyoyin da suka kafa ta yana cikin abin da ya kai ta ƙasa.

Wani haɗarin shi ne zumuncin da ya tsaya a kan shugabanni biyu da suka yi karatu tare. An sauya ɗaya, komai ya watse. Saboda haka hukumomin gudanarwa ne za su sa hannu, na shekara uku, da sharaɗin cewa mai son fita zai ba da sanarwar shekara guda don ɗaliban da ke tsakiya su gama. A ba kowace makaranta ƙuri'a ɗaya komai girmanta, shugabanci ya riƙa zagayawa, a kuma yarda cewa ba mai ɗauke malamin ɗan'uwansa ba tare da an yi magana ba.

Akwai kuma mai duba jarrabawa daga waje, wanda na fi so a fara da shi ko da sauran sun jinkirta. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Kowane zango a aika takardun da suka fi maki, da na tsakiya, da waɗanda suka faɗi zuwa ga malamin wata makaranta, ba tare da sunayen ɗalibai ba, ya rubuto rahoton shafi ɗaya. Rahotannin nan za su yi amfani ranar da aka nemi tantancewar hukuma irin ACTEA, wadda ke wannan aiki a Afirka tun 1976, domin masu tantancewa hujja a rubuce suke nema.