Yadda Nake Ajiye Burodi a Firiza Ba Tare da Ya Jiƙe Ba

Ƙauyenmu da ke gefen Wudil ba shi da gidan burodi, saboda haka maigidana kan sayo da ɗan yawa ranar Juma'a idan ya je cin kasuwa, ni kuwa nauyin da ke kaina shi ne in ga ya kai mu wata Juma'ar, domin yara ba sa fita makaranta sai sun sha shayi da shi. Da damina fumfuna ce ke riga mu cinye shi, da hunturu kuma bushewa yake yi. Da muka samu firizar sola wadda nake daskarar da zoɓo da kunun ayar sayarwa, sai na ware wa burodi kusurwa guda a ciki.

Firji da firiza ba ɗaya suke ba ga burodi. Sitacin fulawa yakan sha ruwa ya kumbura a lokacin gashi, shi ya sa sabon burodi yake da taushi, amma da zarar ya huce sai sitacin ya fara komawa yana taurarewa, kuma wannan taurarewa ta fi sauri a sanyin firji, wato ɗan sama da sifili. A firiza kuwa, inda sanyi ke kai wa digiri 18 ƙasa da sifili, kusan tsayawa take yi cak. Wanda ya sa burodi a firji ya tsare shi daga fumfuna ne kawai, amma ya gaggauta masa tsufa.

Jiƙewar da mutane ke kuka da ita kuwa ba daga firiza take zuwa ba, ruwan da aka kulle tare da burodin a cikin leda ne. Masu gidan burodi kan zuba shi a leda tun da sauran ɗuminsa, sannan ya sha rana a bayan babur, don haka idan ya iso za ka ga cikin ledar ya yi gumi, ɗigon ruwa ya jeru a jikinta. Idan aka jefa shi firiza a haka, gumin nan zai zama farar ƙanƙara mai kama da garin gishiri a kan ɓawon, ranar da aka fito da shi kuma ta narke ta shige ciki, ɓawon ya jiƙe jagab ya riƙa manne wa yatsu. Saboda haka nakan zare shi daga ledarsa ta asali, in ɗora a faifai a inuwa, in rufa masa tsumma mai tsabta har ya huce sarai. Daga nan sai in yanka shi, in raba gwargwadon abin da muke ci a karin kumallo ɗaya, in sa kowane kaso a busasshiyar leda, in matse iskar ciki a hankali ba tare da na murƙushe shi ba, in ɗaure, sannan in ƙara wata ledar a kai. Leda ta biyun saboda wari ce, domin burodi na ɗaukar ƙarnin kifi da na ɗanyen nama da wuri.

A ƙasan firiza nake ajiye shi, tsakanin ƙullin zoɓon da ya riga ya daskare, domin idan hadari ya rufe rana batir ya yi rauni, na sama ne ke fara saki. Burodin da ya narke rabi ya sake daskarewa yakan tara ƙanƙara a ledarsa, kuma ɗanɗanonsa ba ya dawowa. A firizar da sanyinta ba ya yankewa yana iya kai wata uku, amma a tawa ba na yarda ya haura wata guda.

Wajen narkarwa nakan fara duba ledar. Idan babu ƙanƙara a ciki, sai in bar ta a ɗaure a cikin ɗaki, raɓar da iska ke haifarwa ta sauka a bayan leda maimakon jikin burodin, kuma yankakke ba ya daɗewa yake saki. Idan kuwa na ga ƙanƙara, nan take nake kwancewa, in kakkaɓe ta, in shimfiɗa yankan a faifai in rufe da tsumma. Surukata ta taɓa ce mini, “'Yar nan, ki shanya shi a rana mana, ai zai fi sauri.” Na ce, “Inna, a cikin leda turara zai yi, a waje kuma ya ƙeƙashe.”

Hanyar da na fi so ba ta buƙatar jira ko kaɗan. Ina ɗora busasshen kasko a kan garwashin da na dafa ruwan shayi, ba mai ba ruwa, in jera yankan da ƙanƙararsu, in juya su idan gefe ɗaya ya fara ja. Zafi na warware taurin sitacin, shi ya sa cikin ke komawa da taushi, bayan kuma ya yi ƙaras-ƙaras. Sai dai a ci shi da zafinsa, domin idan ya sake hucewa taurinsa ya fi na farko.

Wanda fumfuna ta riga ta taɓa ba na sa shi a firiza, saboda sanyi ba ya kashe ta, dakatar da ita kawai yake yi. Yanke wurin da ya yi kore ma bai wadatar ba, domin a abu mai taushi irin burodi zarenta kan ratsa ciki fiye da inda ido ke gani.