Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Farantin Sola Mai Lanƙwasa

A makon jiya na tsaya a daidai inda maigidana ya karɓe ni aiki a bakin ruwan Ikko, kuma na yi alkawarin ci gaba da labarin ɗakin da muka kama mu huɗu a Obalende. Ina neman afuwar masu bibiya, domin zan ɗage wancan zuwa mako mai zuwa, saboda wani baƙo da ya zo shagona a nan Sakkwato ya tono mini wani aiki da na yi a shekarata ta uku a can, wanda har yau idan na tuna shi sai na ji nauyin kaina.

Baƙon wani dattijo ne Basarke daga wajen Goronyo, wanda yake da jirgin inji da yake fiton mutane da kayan gona a madatsar ruwan da ke kan gulbin Rima. Ya shigo da hantsi riƙe da wani faffaɗan kwali a hammata, ya yi sallama, muka gaisa, sannan ya ajiye shi a kan tebur ya ce, "Ɗana, wanga abu yaron wajena ya aiko da shi, ya ce a ɗora bisa rumfar jirgi don a samu fitila da cajin waya. Duba mani, mi kaka gani?" Da na buɗe kwalin sai na ga farantin sola ne mai wat 100, amma irin na roba mai lanƙwasa, wanda ba shi da gilashi kuma ba shi da firam ɗin alminiyam. Yaran shagona suka taru suna taɓawa, har ɗaya daga cikinsu ya kama gefe biyu zai tanƙwara shi domin ya ga iyakar lanƙwasarsa, na daka masa tsawar da ta sa shi kansa dattijon ya zabura.

Dalilin tsawar yana can Ikko. A lokacin da nake ba da labari, wani jirgin ruwa mai tafiya da iska ya shigo inda muke aiki, na wani Bature ɗan Faransa da matarsa, waɗanda suka biyo ta tsibiran Kanari da Dakar suna nufin kudancin Afirka. Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, jirgi ne da tsawonsa bai wuce mita 12 ba, yana da dogon jigo a tsakiya wanda ake ɗaga wani babban ƙyalle mai kauri a jikinsa, filafili ke nan, iska ta cika shi ta tura jirgin. A cikinsa akwai wurin kwana da madafa da bayi, don haka gida ne sukutum a kan teku. Maigidana Bayarabe ne da ya tashi a Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi tawa santsi, amma ba ya jin Faransanci, ni kuwa na tsinci ɗan abin da ba a rasa ba a zaman da na yi wurin kawuna a Birnin Ƙonni. Wannan ne ya sa ya ce, "Basakkwace, ɗauko mitar awon wuta ka biyo ni, yau kai ne tafinta."

Koken Baturen shi ne kullum sai ya tayar da injin dizal na awa biyu ko fiye don kawai ya yi cajin batir, ga ƙara, ga tsadar mai, ga shi mai ba ko'ina ake samunsa a teku ba. Maigidana bai yarda an yi maganar faranti ba sai da muka zauna da takarda muka lissafa abin da jirgin yake ci a yini da dare. Firji shi ne babban mai ci, domin shi kaɗai yana cinye kusan rabin wutar a ƙasa mai zafi, sai na'urar da ke riƙe matuƙi da kanta idan mutum ya gaji, sai fitilun da doka ta wajabta a kunna da dare, da rediyon magana da wasu jirage, da na'urar nuna taswira. Jimillar ta tashi wajen amfiya 100 na awa guda a kwana ɗaya, wanda a batir mai bolt 12 yake daidai da wat 1,200 na awa guda. Ƙa'idar maigidana a kan jirgi ita ce ka ninka abin da aka rubuta a jikin faranti sau uku kacal, shi ne abin da za ka sa rai da shi a yini, saboda haka muka tsaya a kan faranti huɗu masu wat 100 kowanne.

A nan ne na fara fahimtar abin da ya sa masu irin waɗannan jirage suke son mai lanƙwasa. Farantin gilashi mai wat 100 yakan kai kilo 7, mai lanƙwasa kuwa bai cika wuce kilo 2 ba, kaurinsa kuma kamar milimita 3 ne. Jirgin iska ba ya son nauyi a sama, domin yana ƙara masa tangaɗi, kuma babu wani wuri miƙaƙƙe a jikinsa, ko'ina a gantsare yake. Wurin da ya fi dacewa shi ne rumfar tamfol da ke kan mazaunin matuƙi, wadda aka ɗaura a kan bututan ƙarfe marasa tsatsa, kuma tamfol ba zai ɗauki gilashi ba. Muka yanke shawarar biyu su hau rumfar, biyu kuma a manne su a kan rufin ɗakin jirgin.

Kafin mu ja waya ko ɗaya, maigidana ya yi mini wani darasi da har yau nake maimaita wa yarana. Ya shimfiɗa faranti ɗaya a rana tsaka, ya haɗa shi da batir ta cikin mita, allura ta nuna amfiya biyar da 'yan kai. Sai ya miƙa hannu ya cire hular da ke kaina, wadda na saya a Tsohuwar Kasuwa kafin in baro gida, ya kifa ta a kan ƙwaya ɗaya tak daga cikin ƙwayoyi 36 da ke jikin farantin. Nan take mitar ta faɗo ƙasa da amfiya ɗaya. Ya bayyana mini cewa ƙwayoyin a jere suke kamar raƙuman ayari da aka ɗaure da igiya ɗaya, idan ɗaya ya durƙusa sauran ba su da tafiya. Akwai wasu 'yan na'urori a cikin akwatin farantin da ke ba wuta hanya ta kewaye ɓangaren da inuwa ta rufe, amma idan rabi ya fita, bolt 18 ɗin da farantin yake bayarwa sai ya koma wajen 9, wanda ba zai iya tura wuta cikin batir mai bolt 12 ba. A kan jirgin iska kuwa inuwa ba ta ƙarewa, domin ga jigo, ga filafili, ga sandar da ke kwance a ƙarƙashinsa, ga igiyoyi, kuma duk suna yawo yayin da jirgin yake juyawa. Saboda haka ba mu haɗa farantan huɗu a jere ba. Na rumfa muka ba su kwantirolarsu, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir daga faranti, na rufin ɗaki ma tasu daban, kowane biyu a haɗin kafaɗa da kafaɗa, ta yadda wanda inuwa ta kama ba zai ja ɗan'uwansa ƙasa ba.

Sauran aikin waya bai ba mu wahala ba, illa dai maigidana ya hana ni amfani da wayar tagulla tsura da na saba da ita a gida. Ya feɗe wata tsohuwar waya daga cikin jirgin ya nuna mini yadda iskar gishiri ta mayar da ita kore tana marmashewa, ya ce a teku sai tagullar da aka shafe da kuza. Muka huda rufin a wuri ɗaya, muka sa marfin roba mai matse waya muka cike da gam don kada ruwa ya bi, muka sa fis dab da batir, kuma muka fara haɗa kwantirola da batir kafin mu jona faranti, kamar yadda ƙa'ida take.

Kuskuren nawa ne ni kaɗai, kuma a kan rumfa na yi shi. An kira maigidana wani aiki a Apapa, ya bar mini ɗaura farantan biyu, bayan mai ɗinki ya riga ya yi musu bakin zif a jikin tamfol. Da na gwada sai na ga ɗaya ya ɗan karkace, bai yi daidai da ɗan'uwansa ba, ni kuma a lokacin idona yana kan kyan gani, ina son Bature ya yaba. Na sa mai ɗinki ya farke ya matsar da shi kamar taƙi ɗaya, wanda ya sa tsakiyar farantin ta hau daidai kan bututun ƙarfen da ke tallafe da rumfar. Ya yi kyau ƙwarai, matar Baturen har hoto ta ɗauka. Abin da ban yi tunani ba shi ne ƙwayoyin da ke cikin robar nan silikon ne mai rauni, siririn da bai kai kaurin ɓawon ƙwai ba, kuma lanƙwasar da masu ƙera shi suke nufi ita ce a gantsara shi kaɗan sau ɗaya a bar shi a haka, galibi kada ya wuce digiri 30. Ni kuwa na ɗora shi a inda duk lokacin da iska ta kaɗa tamfol, gefe biyu za su yi sama su yi ƙasa, ƙarfe yana tokare da tsakiya.

Sun fita gwaji a gaɓar teku, bayan mako uku suka dawo Baturen yana cewa na rumfa ba sa ba da abin da suka fara bayarwa. Muka hau da mita, maigidana ya buɗe zif ya ɗaga farantin, sai ga wani layi a tsakiyarsa daidai inda ƙarfen yake, da tabo ruwan ƙasa kamar girman kwabo inda robar ta kumbura. A ƙarƙashinsa tamfol ya babbake har ya yi baƙi. Ƙwayar da ta tsage takan daina ba da wuta ta koma cin ta 'yan'uwanta, sai ta yi zafi fiye da kima, kuma da an ƙara kwanaki a haka Allah kaɗai Ya san abin da zai faru da mutum biyu a tsakiyar ruwa da rumfa mai cin wuta a kansu. Maigidana bai zage ni a gaban baƙi ba. Sai da muka sauko ya ce, "Basakkwace, wa ya matsar da shi?" Na ce ni ne. Ya ce to kuɗin sabo daga albashina zai fita, kuma haka aka yi har wata uku. Sabon da muka sa, mun manna shi a kan wani allon roba mara nauyi mai ramuka a ciki, wanda ya hana shi motsi kuma ya bar iska tana ratsawa ta ƙasa, muka ajiye shi a tsakanin bututai biyu.

Na rufin ɗaki ma sun koya mini nasu, ko da yake ba su lalace ba. Wat 100 ɗin da ake rubutawa ana auna shi ne a lokacin da zafin ƙwayar yake digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Farantin da aka manne da gam ba ya samun iska ta ƙasa, yana iya kai digiri 65 da rana, wato ya yi asarar wajen kashi 16 cikin ɗari tun kafin a yi maganar inuwa.

Wannan lissafin zafi shi ne ya fara zo mini a rai da dattijon Goronyo ya ce rumfar jirginsa ta kwano ce. A wurinmu babu gishiri, jirginsa kuma ba shi da jigo balle inuwa, amma duk wanda ya san Sakkwato a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ya san kwano ba ya taɓuwa da azahar. Na gaya masa gaskiya, na ce, "Baba, da shawara aka nema tun farko, na gilashi zan ce a saya, domin rumfarka za ta ɗauke shi, ya fi araha, kuma masu yin sa sukan ba da lamunin shekara 25, wannan kuwa lamuninsa bai cika wuce shekara biyar ba." Ya yi shiru, sannan ya ce abin da ɗa ya aiko wa ubansa ba a kai shi kasuwa a musanya. Ban ƙara cewa komai a kan wannan ba.

Ranar Asabar muka yi sammako ni da yaron da na yi wa tsawa, muka bi ta Achida, da niyyar mu juyo kafin la'asar saboda halin da hanyar take ciki. Na sa kafinta ya kafa 'yan katakai uku a kan kwanon domin a samu tazarar yatsu uku, na ɗora allon roba mai ramuka, sannan na ɗaure farantin ta ramukan da ke kusurwoyinsa ba tare da na huda jikinsa ba. Batir da kwantirola suka shiga akwatin katako a ƙarƙashin benci, nesa da jarkar fetur. Yaron nawa na sa ya kifa hularsa a kan ƙwaya ɗaya a gaban dattijon da jikokinsa, suka ga yadda mitar ta faɗi, sannan na yi musu bayani cewa ƙurar hunturu ma inuwa ce, a riƙa share ta da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi da safe, kada a kankare da soso domin roba tana ƙujewa, kada a zauna a kai, kada kuma a ɗora masa buhu.

Dattijon ya kunna fitila da rana tsaka ya kashe har sau uku, ya sa mana albarka, ya haɗa mu da ƙullin busasshen kifi. Mun kai bakin hanya muna jiran mota ke nan na waiwaya, sai na hango ƙaramin jikansa ya hau rumfar yana shanya jiƙaƙƙen taru a kan farantin, yana baza shi da kyau har kusurwa huɗu. Na miƙa wa yarona jakar kayan aiki na ce ya tsayar da duk motar da ta zo, na koma bakin ruwa da sauri.