Wasiƙa daga Landan: tunkiyar uwargida da kuɗin taki

Assalamu alaikum 'yan'uwana na Kabi, mutanen Argungu, Birnin Kebbi, Jega da Yawuri. Ina gaishe ku, ya aiki, ya iyali?

Kuna yawan tambayata ko gaskiya ne a nan miji da mata asusu ɗaya suke buɗewa a banki. Gaskiya ne, da yawa haka suke yi, kuma dole ce ta sa. Kuɗin haya, na wuta, na gas da harajin ƙaramar hukuma duk wata ake zarar su daga asusu, albashin mutum ɗaya kuwa da wuya ya ɗauke su. Ba na ce ku kwaikwaye su ba. Kada ku manta, sai a 1870 doka ta bar wa matar aure a Ingila abin da ta samu da guminta, cikakken ikon mallakar dukiya kuwa sai a 1882. Mu tun da can addini ya raba mana gardama: sadakinta, gadonta da ribar sana'arta nata ne, ci da sha da sutura da wurin kwana kuma suna wuyan miji.

Abin da ke hana mu zaman lafiya a kan kuɗi daban ne, kuma kowa ya san shi. Rani ya kama, gonar fadama tana jiran taki, injin ban ruwa yana jiran mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kun fi ni sanin yadda jarka ta koma. Sai maigida ya leƙa ɗaki: "Hajiya, ara mini tunkiyar nan, in an yi girbi zan mayar miki." A kai ta kasuwar Jega. Girbi ya zo, an sayar da shanshera, an sallami mai taki, an sallami mai injin casa, wani ma har ya fara zancen ƙarin aure. Maganar tunkiya kuwa shiru. Ita kunya ta hana ta tambaya, shi kuma ya ce ai duk gida ɗaya ne.

Ba ta yafe ba, dabara ta koya. Daga ranar za ta mayar da kiwonta gidan iyayenta, ta shiga adashin da bai sani ba, in ya tambaya ta ce ba ta da ko sisi. Shi ma ba zai ƙara faɗa mata buhu nawa ya samu ba. Ranar da ambaliya irin ta 2020 ta cinye shinkafa a fadama, sai ka tarar da mutum biyu a gida ɗaya, babu wanda ya san ƙarfin ɗan'uwansa, balle su san ta inda za su fara.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, aro a hannun matarka ba abin kunya ba ne. Amma a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ce ban da ma'aurata ba. Littafin makaranta ɗaya ya isa, ko saƙon murya a WhatsApp da ɗan'uwanta zai ji. In tunkiya ka karɓa, rubuta tunkiya, kada ka rubuta naira, don kuɗin da ya saye ta bana ba zai saye ta baɗi ba. Annabi (SAW) ya ari ɗan raƙumi, ya biya da wanda ya fi shi. In kuwa jari ta zuba, a yanka mata kasonta na riba tun kafin shuka, ta kuma san in an yi asara da ita aka yi. In kyauta ce, ta faɗa da bakinta. An yi wa Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud bushara da lada biyu a kan taimakon mijinta. Amma kyautar da aka karɓa da ɗaure fuska ba na kiranta kyauta.

Rubutun nan yana da wani amfani da ba mu son ambata. Ranar da maigida ya kwanta dama, 'yan'uwansa za su zo lissafin gado, duk dabbar da ke tsakar gida su sa ta a ciki. Matar da ke cikin takaba da wane baki za ta ce rabin garken nan nata ne, kuma marigayin ma tana bin sa?

Sauran shirin ba shi da wuya. Manomi sau ɗaya ko biyu yake ganin kuɗi a shekara, don haka ranar da buhuna suka shigo gida ita ce ranar zama, kafin a ji farashin kasuwa. A fitar da zakka, a ware na ci, na iri, na makaranta, na asibiti, na Sallah. Ita ta san mudu nawa gidan ke ci a mako, kai ba ka sani ba, ka tambaye ta. Ku tsayar da abin da za a kashe a biki da suna, don anko da gudummawa suna cin jarin mata fiye da yadda suke yarda, mu maza kuma namu yana tafiya a majalisa da kyautar neman suna. Mai mata biyu ko uku ya yi wa kowace lissafinta daban, kuma don Allah kada a ari kuɗin uwargida a haɗa lefen amarya.

Mu da ke aiko kuɗi gida ma da namu laifin. Mutum zai tura wa ƙanwarsa jari ta asusun mijinta, bai faɗi ko na wane ne ba, ya haɗa faɗa yana zaune a ƙasar wasu. A buɗe mata nata asusun, da sunanta da lambar wayarta.

Ku gaishe mini da mutanen gida. Allah ya ba da damina mai albarka.

Naku,
Wani ɗan Argungu mazaunin Landan