Rado ɗin Baba

Yau na kai Rado ɗin Baba wurin mai gyaran agogo a Sabon Gari a wanke masa ciki. Dattijon ya kara shi a kunne, ya ce, "Alhaji, DiaStar ne fa, ba ya karcewa. Nawa za ka bar min?" Dariya kawai na yi.

Agogo 11 gare ni, wasu sun fi shi tsada nesa ba kusa ba. Amma wannan daga Makka Baba ya sayo shi, da shi yake duba lokacin sallah har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ba ya amfani da batir, motsin hannu ke tafiyar da shi, in ya yi kwana biyu a ajiye sai ya tsaya. Ni kuwa har yau ba na son in ga ya tsaya.